Rabin Ƙwaya

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na daɗe da sanin wannan karin magana, domin tun ina makarantar sakandare na haddace shi, kuma a shekarata ta farko a wannan jami'a na kawo shi a takardar jarrabawa, na feɗe shi ciki da bai, malami ya ba ni maki mai tsoka. Amma ban san nauyin ƙuƙumin nan ba sai ranar wata Talata cikin daminar shekarar 2022, ranar da na kusa hallaka 'yata da hannuna, alhali kuwa nufina in yi mata magani. Na yi ta jinkirin rubuta wannan labari saboda kunya. Daga baya na lura cewa kunyar nan ita ce tun farko ta jefa ni cikin abin da na shiga, don haka ban ga dalilin da zai sa in ci gaba da yi mata biyayya ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne da ke bakin kogin Haɗeja. Neman ilmi ne ya kawo ni ƙasar Yarbawa, kuma da yake ina da iyali, ban zauna a ɗakunan kwanan ɗalibai ba, sai na kama haya a unguwar Sabo, cikin 'yan'uwana Hausawa. Gidan da muka samu irin gidajen nan ne masu ɗakuna a jere suna kallon juna, ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da iyalinsa. Masai ɗaya ne gare mu duka, rijiya ɗaya, sai tsakar gida ta jar ƙasa wadda ba a taɓa yi mata daɓen siminti ba. Wanda ya zauna a kudu ya san yadda ruwan sama yake a nan: yakan sauka tun cikin Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sosai sai wajen Oktoba ko Nuwamba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, lambatun da ya bi ta bayan masai kan cika ya tumbatsa, ya malalo tsakar gida. Rana ta fito ta busar da sama-sama, ƙarƙashi kuwa kullum da danshi. A kan wannan ƙasa yaran gidan ke rarrafe, a nan suke koyon tafiya, a nan suke zama su ci ƙosai ko burodi, abin da ya faɗi su tsince su mai da baki.

Cikin yaran nan har da 'yata. Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke kiran ta Ummi. Mai karatu ya san abin da wannan ke nufi ga Bahaushe, watau kunya biyu ce ta haɗu a kan yarinya ɗaya. A gidanmu na taso na tarar uba ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban mutane, ba ya yi masa wasa, in ma ana zancensa sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Ni ma haka na bi. In na dawo daga makaranta ta taho da ɗan gudunta ta riƙe ƙafata, sai in shafa kanta in wuce, ina satar kallo ko wani ya gan ni. Ina son ta, Allah ya sani, amma kallon tsanaki irin wanda ake yi wa yaro a gane ko lafiyarsa ƙalau, wannan ban taɓa yi mata ba.

An yaye ta tana da wata 18. Bayan yaye da 'yan makonni sai ta fara sauyawa. Cikinta ya yi tulu, hannuwanta suka siranta, gashinta ya yi laushi ya ɗan yi ja. Kunun gyaɗar da take so ta daina sha, sai dai a gan ta a gindin bango tana ɓantarar ƙasa tana kaiwa baki. Da dare takan yi wani busasshen tari, da rana kuma ta zauna shiru a bakin ƙofa, sauran yara na guje-guje ita tana kallon su. Duk wannan ba ni na gani ba, maiɗakina ce ta gani, ta kuma faɗa mini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Malam, yarinyar nan fa ba ta cin abinci. Dubi cikinta."

"Yaye ne," in ji ni, idona na kan littafi. "Za ta saba."

Da ta ga na ƙi motsi, sai ta sa na kira mahaifiyata a waya. Inna ta saurara, ta ce, "Haƙori ne, ɗan nan. Duk haka kuka yi. In an samu mai tahowa zan aiko wa takwarata da sassaƙe." Matan gidan kuma kowace da nata. Wata ta ce baki ne ya kama ta saboda yarinyar tana da kyau, wata ta ce shawara ce tun da idonta ya yi fari, wata kuma ta ce zaƙi aka cika ba ta. Ni kuwa da nake taƙama da boko sai in yi murmushi in ce a raina, camfi dai ba ya ƙarewa. Ban lura ba cewa su aƙalla sun kalli yarinyar sun ga akwai abin da ke damun ta, ni ko kallon ban yi ba.

Ranar Talatar da na ambata, da sassafe ina shirin fita, sai na ji muryar maiɗakina daga bayan ɗaki, wata irin murya da ban san ta da ita ba. "Malam, zo ka gani." Na je na tarar ta tsaye a kan fon yarinyar, hannunta a baki. A ciki ga wani abu dogo, tsawonsa ya kai taƙi guda, kamar tana amma ya fi ta kauri da haske, yana motsi a hankali. Ko ba a faɗa mini ba na san shi, domin muna yara mun sha ganin sa. Macijin ciki ne.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba tsoro ba ne, kunya ce. Na ce a raina, yanzu a ji cewa 'yar ɗalibin jami'a ce ke kashin tsutsa? Na gargaɗi maiɗakina kada ta faɗa wa kowa a gidan. Na ƙi zuwa asibiti don kada in haɗu da wanda ya san ni, na kuma wuce kemis ɗin unguwarmu na tafi wani can nesa. Na ce a ba ni maganin tsutsar ciki. Mai shagon bai tambaye ni na wane ne ba, ni ma ban faɗa masa ba. Ya miƙo mini wani ɗan kwali mai ƙwaya ɗaya tak a ciki, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Na karanta sunan, na ga albendazol ne, na tuna na taɓa jin sa a rediyo. Na dawo gida ina jin na gama da matsalar, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Ummi na ganin ƙwayar ta rufe baki ta fara kuka. Uwarta ta ce, "Malam, ko a bari ta huce? Ƙwayar nan fa ta yi mata girma." Ni kuwa ina da lacca ƙarfe goma. Na karɓe ta na kwantar a cinyata, kanta a baya, na toshe mata hanci kamar yadda na ga ana yi wa yara ɗura a ƙauye. Da ta buɗe baki don ta ja numfashi, sai na jefa ƙwayar sukutum, na bi ta da ruwa.

Kukan ya ɗauke ɗif. Na zaci ta haɗiye, har na fara sakin hannuna. Da na duba sai na ga idanunta sun firfito, bakinta a buɗe amma babu sauti, ƙirjinta na ja iska ba ta shiga, leɓɓanta sun fara yin duhu. Uwarta ta ƙwalla salati. Ni kuwa na daskare a zaune da yarinya a hannu, duk karatun da na yi a duniya babu ko harafi ɗaya da ya zo mini.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da kamu, wadda kowa a gidan ke kira Iya. A Sabo ta tsufa, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Ita ce ta faɗo ɗakin ba sallama, ta fizge yarinyar daga hannuna, ta kifa ta a kan cinyarta, kai ya yi ƙasa, ta shiga bugun tsakanin kafaɗunta da tafin hannu, bugu mai ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ƙwayar ta yi tsalle ta faɗi a kan tabarma, tana nan yadda take, ko gefenta bai narke ba. Sai kuka ya dawo. Na ji wa'azi, na ji kiɗa, na ji muryoyin mahaddata, amma ban taɓa jin sautin da ya kai wannan kuka daɗi ba.

Iya ta dube ni, ta dubi ƙwayar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, garin gyaran gira ka so ka rasa ido. Tashi ka ɗauki 'yarka ku tafi asibiti." Na tashi na saɓa ta a kafaɗa, na ratsa tsakar gida, na ratsa layin mahauta da bakin masallaci, kowa na kallo. Wannan ne karo na farko da na ɗauki Ummi a bainar jama'a, kuma sai da muka kusa isa sa'an nan na tuna cewa da can kunyar haka nake ji.

A ƙaramin asibitin gwamnati da muka je, wata ma'aikaciyar jinya mai furfura ce ta karɓe mu. Ta saurari ƙirjin yarinyar ta tabbatar numfashinta ya daidaita, ta ja fatar idonta ta duba, ta buɗe tafin hannunta ta ajiye kusa da nata don in ga bambancin launi, sa'an nan ta ɗora ta a sikeli. Ta tambaye ni watanninta nawa. Na tsaya lissafi. Uwarta ta ce, "Ashirin, Sista." Matar ta ɗago ta yi mini wani kallo da har yau ban manta ba.

Ta ce, "Malam, maganin da ka saya ba shi da laifi, shi muke bayarwa a nan. Kuskurenka biyu ne. Na farko, ƙwayar nan miligiram 400 ce, ta wanda ya cika shekara biyu ce zuwa sama. Yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyu rabi ake ba shi. Na biyu, wanda ya fi muni, ba a ba ƙaramin yaro ƙwaya sukutum, ba a kuma ba shi yana kuka, balle a toshe masa hanci. Maƙogwaronsa bai fi ɗan yatsansa faɗi ba. Tsutsa takan ɗauki watanni tana cin yaro, amma ƙwaya in ta bi hanyar iska mintoci kaɗan sun ishe ta." Ta ce mu koma gida yarinya ta huta, gobe mu dawo da ɗan kashinta a kwalba.

Washegari mai gwaje-gwajen asibitin ya ga na matsu, sai ya bar ni na leƙa madubin likita. Na ga waɗansu 'yan ƙwayaye masu ruwan ƙasa, bayansu da ƙurji-ƙurji, birjik a cikin abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce ƙwan macijin ciki ke nan. Gwajin jini kuma ya nuna jininta ya yi ƙasa. Abin da na gani a madubin nan shi ya sa daga baya na shiga ɗakin karatu na nemi sanin wannan maƙiyi, kuma abin da na samu ya cancanci in raba shi da mai karatu.

Tsutsotsin da ke shiga cikin mutum ta hanyar ƙasa manyansu iri uku ne. Na farko shi ne macijin ciki, wanda tsawonsa kan kai santimita 35. Macensa kan saki ƙwai kusan 200,000 a rana guda, su fita tare da kashi. Ƙwan ba ya cutarwa nan take, sai ya yi mako biyu zuwa uku a ƙasa mai ɗumi da danshi, irin ta tsakar gidanmu, sa'an nan ya nuna, kuma yana iya daɗewa a ƙasa shekaru bai mutu ba. Idan yaro ya haɗiye shi ta hannu mai datti, ko abincin da ya faɗi, ko ganyen da ba a wanke ba, sai ya ƙyanƙyashe a hanji. 'Yar tsutsar ta huda bangon hanji ta bi jini, ta ratsa hanta ta isa huhu, ta hauro maƙogwaro, yaro ya yi tari ya sake haɗiye ta, ta koma hanji ta girma. Daga haɗiye ƙwai zuwa lokacin da sabuwar tsutsa za ta fara nata ƙwan wata biyu ne zuwa uku. Na biyu wata siririya ce mai siffar bulala, wadda ke maƙalewa a babban hanji, in ta yi yawa ta kawo zawo har da jini. Ta uku mai ƙugiya ce, ita ba ta jiran a haɗiye ta, ta fatar ƙafar da ba takalmi take shiga, ta kama bangon hanji tana tsotsar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan ɗaya da rabi ne ke ɗauke da waɗannan tsutsotsi. Ashe ba zaƙi ke kawo su ba, ba haƙori ba, ba kuma bakin mutane ba. Kashin da bai shiga masai ba shi ne tushensu.

Babba na iya yawo da tsutsa shekara da shekaru bai ma sani ba. Ƙaramin yaro ba haka yake ba. A shekarunsa na farko ne jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke yin girman da ba za su sake yin irinsa ba, kuma a daidai lokacin ne tsutsa ke kashe masa sha'awar abinci, ta raba ɗan abin da ya ci da shi, ta rage masa jini. Bugu da ƙari hanjinsa siriri ne, in macizan ciki suka yi yawa sukan cukurkuɗe su toshe shi, har sai an kai ga fiɗa. Saboda haka yaron da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana murɗa, yana amai, kashi ya ƙi fita, ba kemis ake kai shi ba, ba kuma jiƙo ake ɗura masa ba, asibiti ake rugawa da shi.

In koma kan labarina. Da sakamako ya fito, Sista ta ɗauko ƙwaya irin wadda na saya, ta karya ta biyu a kan tsagar da ke tsakiyarta. Ta sa rabi a cikin cokali, ta danne da bayan wani cokalin, ta murƙushe har ya zama gari, ta ɗiga ruwa mai tsabta kaɗan ta dama. Ta ce uwar ta zaunar da yarinya a cinya, zaune sosai, kai a miƙe. Ummi ta tuna jiya, ta juya fuska ta fara ƙunci. Na matsa zan riƙe ta, Sista ta ɗaga mini hannu. Ta ajiye cokalin, ta kama yi wa yarinyar wasa da murfin biro, ta ba ta ta riƙe, ta karɓa, ta sake ba ta. Layi na jiran ta a waje, amma ba ta nuna gaggawa ba. Aka ɗauki kusan rubu'in sa'a kafin Ummi ta saki jiki, ta buɗe baki da kanta ta lashe cokalin, aka bi mata da ruwa. Sista ta ce, "Ka gani, Malam? In ta ƙi yau, gobe ma rana ce. Yaron da bai sha magani yau ba zai sha gobe. Wanda ya shaƙe fa?"

Maganin ba ya kashe tsutsa nan take. Hana ta cin abinci yake yi, ta galabaita ta mutu, jiki ya fitar da ita cikin 'yan kwanaki. Haka kuwa aka yi. Abin da ya fita daga cikin yarinyar nan a wannan mako ba zan siffanta shi ba, don kada in ɓata wa mai karatu rai. Aka haɗa mana da maganin ƙarin jini na ruwa, aka ce a riƙa ba ta wake, da ƙwai, da kifi, da miyar ganye. Kafin wata guda ta fara neman abinci da kanta, kafin wata uku kumatunta suka dawo, ta shiga cikin masu guje-guje.

Sai dai Sista ta gargaɗe ni cewa ƙwaya na kashe tsutsar da ke ciki ne kawai, ba ta taɓa ƙwan da ke ƙasa. In yarinya ta koma kan ƙasar nan, cikin 'yan watanni za a koma gidan jiya. Wannan ya tilasta mini yin abin da na fi gudu. Wata Lahadi bayan la'asar na tara magidantan gidan, na faɗa musu abin da ya faru tun daga fo har zuwa cinyar Iya. Na zaci za a yi mini dariya. Sai wani mai sayar da goro ya ce ai ɗansa ma ya taɓa amayar da irinta, wani ya ce nasa biyu ne, kowa ashe yana ɓoye nasa. Muka yi karo-karo muka sayi siminti aka daɓe tsakar gida, aka gyara bakin lambatu. Mata suka yi yarjejeniya cewa kashin yaro ba za a sake watsa shi a lambatu ba, sai a masai, domin da yawa sun ɗauka kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Muka ajiye buta da sabulu a ƙofar masai. Da makon lafiyar mata da ƙananan yara ya zo, wanda a cikinsa ake raba sinadarin bitamin A da maganin tsutsa kyauta, Iya da kanta ta tasa yaran gidan a gaba.

Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 ba ta da wuyar riƙewa. A yankin da aƙalla yaro 20 cikin 100 ke da tsutsa, a ba duk yara magani sau ɗaya a shekara tun daga wata 12 da haihuwa, inda kuma abin ya haura 50 cikin 100 a ba su sau biyu. Daga wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazol ne, watau miligiram 200, daga shekara biyu kuma cikakkiya. Akwai kuma mebendazol mai miligiram 500. Yaron da bai kai shekara uku ba a murƙushe masa a dama da ruwa. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba ya cikin wannan rabo, sai abin da likita ya gani ya yanke.

Wani abin da na lura da shi a karatuna shi ne, an daɗe ana barin ƙanana a baya. A 2001 babban taron lafiya na duniya ya ƙudurta cewa kafin 2010 a riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin 100 na yara 'yan makaranta magani a kai a kai. Dalilin a fili yake, ɗan makaranta yana cikin rajista, malami zai jera shi a layi ya miƙa masa ƙwaya ya tauna. Ɗan wata 20 kuwa ba ya cikin rajistar kowa, yana bayan uwarsa, ba ya iya tauna, ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Sai uwa ta kai shi, sai kuma uba ya yarda a kai shi.

Wannan ya tuna mini da wata tsutsar da na baro a gida, watau mai kawo tsargiya. Muna yara a bakin kogi, kusan duk wanda ya isa iyo yana fitsarin jini, har muna ɗauka alamar zama namiji ce. Ba mu san wata tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon-koɗi ta huda fata ta zauna a jijiyoyin mafitsara ba. Nijeriya na cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya, kuma ba ta jiran yaro ya iya iyo, domin jaririn da aka zaunar a bakin ruwa uwarsa na wanki, ko aka yi masa wanka da ruwan kududdufi da aka ɗebo yanzu, shi ma tana samun sa. Maganinta, firazikwantel, ƙatuwar ƙwaya ce mai miligiram 600, ga ɗaci kamar maɗaci, in an murƙushe ta ma ɗacin ƙaruwa yake, shi ya sa shekara da shekaru ana rabo a makarantu ana tsallake ƙanana. A 2012 wasu masana da kamfanonin magani suka haɗa gwiwa don samar da na yara. A Disambar 2023 hukumar kula da magunguna ta Turai ta yaba da sabuwar ƙwayar, arfirazikwantel, 'yar ƙarama mai miligiram 150 da ke narkewa a ruwa, ba ta da tsananin ɗaci, an yi ta domin yara daga wata uku zuwa shekara shida. A farkon 2025 aka fara ba yara ita a ƙasar Yuganda. Da na karanta wannan sai na tuna cokulan Sista. Abin da ta yi da cokali biyu da haƙuri shi ne masana suka shafe fiye da shekara goma suna nema, watau a kai magani ga yaro daidai da bakinsa.

Ban fid da rai ba cewa wata rana za a rabu da waɗannan cututtuka. Kurkunu da ya gurgunta kakanninmu a lokacin noma ba shi da ƙwaya ko allura, da tace ruwan sha da gyaran rijiyoyi aka yaƙe shi, har a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Abin da ƙyallen tace ruwa ya yi wa kurkunu, masai da sabulu da takalmi na iya yi wa macijin ciki.

Da muka je gida hutun ƙarshen shekara na ba Inna labari duka. Ta yi shiru, ta jawo takwararta ta rungume, sa'an nan ta ce, "Mu a zamaninmu ba mu sani ba. Kai da ka sani me ya hana ka?" Ban sami amsa ba. Ba na cewa a yar da alkunya, domin ado ce, kuma da ita aka san mu. Amma wadda za ta hana uba buɗe tafin hannun ɗansa ya duba, ko ta hana shi sanin watannin ɗansa, ko ta kai shi kemis mai nisa don gudun idon mutane, wannan ta tashi daga ado ta koma cuta. Yanzu duk bayan 'yan makonni nakan zaunar da Ummi da ƙanenta in ja fatar idonsu in duba, in dubi farcensu, ko a gaban wa. Ta shiga makarantar allo, ba ta san komai game da ranar Talatar nan ba, sai dai tana mamakin dalilin da ya sa duk Juma'a nake aiken ta da goro ɗakin Iya.

Ya ɗan'uwana ɗalibi, wataƙila kana da ɗa, ko ƙane, ko ɗan 'yar'uwa a gida. In ka koma hutu ka dube shi da kyau. In ka ga alama, kai shi a duba, kada ka yi masa likitanci da ɗan abin da ka tsinta a rediyo. In kuma an ba ka ƙwaya ka ba shi, tambayi nawa ne rabonsa, ka nemi cokali biyu, ka zaunar da shi, ka jira ya yi shiru. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa Iya da Sista da alheri, ya kuma tsare mu da aikin da-na-sani, amin.